Alhaji, Ka Iya Duba Kwantena, Mai Hoto Fa?

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. "Wannan kuma wane irin rashin aikin yi ne? Ana fama da kuɗin lefe da na kayan ɗaki, shi yana can zai ba mu labarin mai hoto, mai hoton ma na wani gari da ko sunansa harshenmu bai iya ɗauka ba." Na ji, kuma ban yi fushi ba. Ku gyara zama dai. Panyu ake ce wa garin, kuma in ku ba ku san shi ba, kayan da ke jikinku sun san shi.

Gunduma ce a kudancin birnin Guangzhou na ƙasar Sin. A unguwar Nancun da ke cikinta ne dubban ƙananan shagunan ɗinki ke yi wa kamfanin Shein aiki dare da rana, wato ƴan rigunan nan da ƴaƴanku ke oda a waya ba ku sani ba. A Daluotang, tun shekarun 1980 ake sassaƙa duwatsu ana ƙera zobba da sarƙoƙi, a kai Hong Kong, daga can su bazu duniya. Masana'antun fitilun dandali da na lasifika ma suna nan birjik. Babbar tashar jirgin ƙasa ta kudu, wadda aka buɗe a 2010, a Panyu take. To riga, zobe, fitila, lasifika: me ya rage a biki ban da amarya da mai hoto?

"To wa ke aure a can?" in ji Hajiya. Ranki ya daɗe, ana yi. Akwai ɗalibanmu a tsibirin jami'o'i na Xiaoguwei, shi ma cikin Panyu, wanda ya fara aiki a 2004 da manyan makarantu 10. Akwai ƴan kasuwar Afirka da suka daɗe a Xiaobei da Sanyuanli, wasu har sun auri Sinawa sun hayayyafa. Akwai kuma angon da zai je saro kaya ya ce bari ya tafi da amarya ta ga duniya. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan a danginki, kada ki tashi, domin dabarun masu hoton can, masu kyau da marasa kyau, sun riga ki isowa Kano.

Da Kanawa nake, tunda ni Bazazzagi ne, kuma Allah ya hore mini ku. Ku dubi Alhajin Kantin Kwari in ya shiga masana'anta a Guangdong, lardin da Panyu ke ciki. Ba ya yarda da hoton da ke jikin bango. Sai an kawo samfur ya murza, ya ja, ya ɗaga a rana, wani lokaci har ya zare zare ɗaya ya kyasta masa ashana ya ji ko auduga ce ko roba. Sai an rubuta yadi nawa, launi nawa, ranar lodi yaushe. Ya ba da kafin alƙalami, ya riƙe ciko gam, sai yaronsa ya tsaya an loda kwantena a gabansa. Basine ya yi ta gumi yana danna kalkuleta. Wannan mutumin dai, wannan gwanin, in bikin ƴarsa ta fari ya rage kwana uku sai ka ji ya leƙo tsakar gida yana cewa, "Kai, wai an kira yaron nan mai kamara kuwa?" Wane yaro? Oho. Nawa zai karɓa? A ba shi wani abu. Me zai kawo? Ai hoto ne. Alhaji, yadi in ya zo da matsala ana iya karya kuɗinsa a rabu da shi, ko a koma Guangzhou a yi rigima. Ɗaurin aure kuwa, wa zai sake tara maka liman da waliyyai domin kamara ta cije?

Bari in ba ku labarin yadda Sinawa suka mayar da abin sana'a, ku ga inda ramukan suke. A wurinsu hoton aure iri biyu ne. Akwai na ranar biki, akwai kuma wanda ake ɗauka watanni kafin biki, kuma shi ne babban ciniki. Ango da amarya su ba da wuni sur, tun safe har fitilu su kunnu, ana canza musu kaya, da mai kwalliya biye da su riƙe da akwati. Wasu a kai su tsibirin Shamian inda tsofaffin gine-ginen Turawa suke. A Panyu kuwa akwai lambun Yuyin da aka gama ginawa a 1871, da tsohon garin Shawan mai shekara sama da 800, inda za ka ga katangar da aka jera da ɓawon kawa, da kuma dajin shaƙatawa na Dafushan.

Na hango Malam ya ɗaga yatsa. Allah ya gafarta Malam, ban ce saurayi da budurwa su je su rungumi juna gaban kamara ba a shafa fatiha ba. Wa'azinku a kan hoton kafin aure mun ji, kuma ni ba da ni za a yi wannan musun ba. Shagon hoto dai ba ya tambayar ranar da aka ɗaura. Wanda ya ga dama ya bari sai an kai amarya an yi buɗar kai, sannan ya je da halalinsa. Sauke yatsan, akwai inda zan neme ka a gaba.

Ramin farko shi ne farashin talla. A ce an rubuta maka yuwan 3,000, da albam, da firam, da kaya kala uku, da hoto 40 da za a gyara. Ka ce ka tsinci dami a kala. Ranar ɗauka, a kai amarya ɗakin riguna a nuna mata waɗanda kuɗinku ya ɗauka, duk sun sha jiki, sannan a buɗe wata ƙofa ta gilashi inda sababbin suke, a ce waɗannan sai da ƙari. Mai kwalliya ta ɗauko wata ƴar kwalba ta ce in ba a shafa wannan ba hoda ba za ta zauna ba, ita ma da kuɗinta. Babban tarkon kuwa sai ranar zaɓen hoto. A zaunar da ku a kujera mai laushi, a kawo shayi, a buɗe hotuna ɗari biyu ko uku a ƙaton allo, a ce ku zaɓi arba'in ɗinku, sauran za a goge. Yarinyar da ke riƙe da linzamin kwamfuta ta ƙware, duk wanda amarya ta ce a cire sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wannan ɗin? Kin tabbata?" Kowane hoto na ƙari da farashinsa. Ango ya shiga da ƙafarsa yana murmushi, ya fito yana lissafi da yatsu. Sinawa da kansu sun gaji da kuka a kan wannan, ƙorafi ne sananne a wurinsu. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka tambaya ta gaskiya ba "nawa ne?" ba ce. Bakano ya iya wannan tun yana goye. Tambayar ita ce, me da me ke cikin kuɗin, kuma me ba ya ciki? Hoto nawa za a gyara, kuma na ƙari nawa ne kowane ɗaya? Waɗanda ba a gyara ba, za a ba ni su duka ko za a riƙe? Kuɗin mota na wa? In wurin da za a je sai an biya kuɗin shiga ko an nemi izinin ɗaukar hoton sana'a, wa zai yi? In dina ta wuce lokaci, kuma ta wuce ta gama tunda mu ne, awa ɗaya nawa? Duk amsar da ya bayar, a rubuta. Wanda ya ce maka "haba Alhaji, ai mun zama ɗaya, ba sai an rubuta ba," to shi ne ma za a fara rubuta wa.

A nan dokar Sin ta yi wa mai saye gata, in ya san da ita. Kundin dokokin zamantakewarsu da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021 ya ce kafin alƙalamin da aka ba da a matsayin jingina ba ya wuce kashi 20 cikin 100 na kuɗin ciniki. In kai ka fasa, ya tafi. In shi ya saɓa, ya mayar maka ninki biyu. Sai dai akwai wani nau'in kuɗin somin-taɓi da wannan hukuncin bai hau kansa ba, kuma a baki ba ka iya bambanta su, sai a rubuce. Ka je da wanda ya iya karatun Sinanci, ba wanda ya iya "nawa ne" da "rage mini" kaɗai ba, ya duba rasit ɗin kafin ka tura kuɗi ta manhajar WeChat. In ciniki ya ɓaci, lambar kai ƙarar masu saye 12315 ce. A Kano ba ka da wannan ninkin biyun sai in kun rubuta shi da hannunku, to me ya hana?

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin nan ne kuɗi ba ya gyarawa. Fata.

Ka ce wa mai hoto ya nuna maka aikinsa, zai buɗe maka hotuna ashirin da ya tsince daga biki ɗari. Kowa gwani ne a hoto ashirin. Ce masa ya buɗe biki ɗaya daga farko har ƙarshe, da na rana da na dare, da na cikin ɗaki inda kwan fitila ɗaya ne. Sannan, in a Panyu ne, ka ƙara da cewa: nuna mini baƙar fata da ka taɓa ɗauka. Ba zagi ba ne, ba kuma neman rigima ba. Kamara tana auna haske ne da zaton abin da ke gabanta tsaka-tsaki ne, ba fari fat ba, ba baƙi wuluk ba. To ga ango ya sha farar shadda Getzner mai ƙyalli, babbar riga har ƙasa, ya cika rabin hoton. Kamara ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, shadda ta fito ras da aikinta, fuskar ango ta koma inuwa, sai haƙora da idanu. In aka buɗe haske domin fuska, shaddar ta ƙone, aikin da aka biya maɗinki ya ɓace. Mai hoton da ya san aikinsa ya san yadda zai karkatar da fitila ya sami duka biyun. Wanda bai sani ba zai ce maka za a gyara a kwamfuta.

Kuma matsalar ta girmi mai hoton naku. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi a wancan zamanin, ana kiransa katin Shirley. Fatar wannan baiwar Allah ita ce ma'auni. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta rubuta a 2009 cewa daga cikin waɗanda suka matsa wa kamfanin ya gyara fim ɗinsa har da masu sayar da cakulan da masu kayan katako, domin launin ƙasa-ƙasa na hajarsu ba ya fita a talla. Ku ji fa. Sai da cakulan ya yi ƙara aka tuna da mu. Kuma abin dariya, waɗanda suka ci kasuwar wannan gyaran a Afirka maƙwabtan Panyu ne: kamfanin Transsion na Shenzhen, masu Tecno da Itel da Infinix, sun daidaita kamarar wayoyinsu domin baƙar fata, suka mamaye kasuwar waya ta Farm Centre. Daga tashar Panyu zuwa Shenzhen kusan rabin awa ne a jirgin ƙasa mai gudu. Ilimin yana kusa, amma wannan bai nuna ya shiga shagon da kuka shiga ba.

Sai gyaran kwamfuta. A shagunan Sin, abin da aka saba shi ne a ƙara wa amarya haske, a tsuke haɓa, a buɗe ido, a ja ƙafa ta yi tsawo, kuma mai gyaran yana ganin alheri yake yi miki. Ba zai tambaye ki ba. Ƙanwata, na ga kina murmushi kina cewa a ranki "to ai ni ma ina so a ɗan haska ni." Na sani. Masu hoton Kano ma sun sani, shi ya sa ake kawo albam uwar miji ta juya ta juya ta ce, "Wannan kuma ƴar gidan wa ce?" A ɗan share ƙurji, a rage maiƙon goshi, ba laifi. Amma ki faɗa masa da baki, a kuma rubuta: launina a bar mini abina. Ki ce ya gyara uku ya turo ki gani kafin ya taɓa sauran. Shekara ashirin nan gaba ɗiyarki za ta so ta san da wa ta yi kama.

Malam, ga inda na ce zan neme ka. Mai hoton Guangdong ya san bikinsu kamar tafin hannunsa. Ya san lokacin da ƙawayen amarya za su tare ƙofa su wahalar da ango sai ya ba da jar ambulan. Ya san babban lokaci shi ne da ango da amarya za su durƙusa su miƙa wa iyaye shayi, a zuba wa amarya awarwaron zinare a kan jar rigarta mai zanen dodo da tsuntsu. Nan yake ajiye ƙarfinsa. To kawo shi ɗaurin aurenmu bayan Juma'a, ko a masallacin nan na kusa da tsohuwar tashar jirgin Guangzhou da mutanen garin ke dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Zai ga maza zalla a zaune, wasu dattawa biyu sun matsa kusa da liman suna magana ƙasa-ƙasa. Shi yana can yana goge gilashin kamara, yana jiran amarya ta shigo. Kafin ya ɗago an nema, an bayar, an ambaci sadaki, an shafa, ana rabon dabino da alawa. Minti goma bai cika ba. Ya tambayi tafinta yaushe za a fara, a ce masa ai an gama. Don haka a zaunar da shi tun da wuri a karanta masa: ga waliyyi, ga wakilin ango, ga hannun da zai miƙa sadaki, amarya ba za ta zo ba kuma lafiyarta ƙalau. A gaya masa takalmi a waje, kuma ba a gifta gaban mai salla domin neman kusurwa mai kyau. A fara tambayar limamin ma ko ya yarda a ɗauka a ciki.

Kada Kanawa su yi dariya da yawa. Na gida ma akwai wanda zai zo kamu ya tsaya yana ɗaukar ƴan matan da suka fi kwalliya, a fesa wa amarya turare a gama bai gani ba.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da Hajiya ya kamata ta yi, ba Alhaji ba: akwai mace a cikin ma'aikatanku? Sa lalle da kamu da wunin biki taron mata ne, an saki jiki, an ajiye mayafi, gwaggo ta ɗaura ɗankwali a ƙugu tana juyi. Ba kowane gida ne zai yarda ƙato ya shigo tsakiyarsu da kamara ba, kuma suna da gaskiya. A tambaya tun farko. A kuma tambayi wanda zai zo ɗin da sunansa, domin a manyan shaguna wanda ya ɗauki hotunan jikin bango daban, wanda za a turo muku daban, wataƙila yaron da ya fara aiki watan jiya.

Sannan ina hotunan za su kwana? Shagon Panyu da ya samu baƙar amarya da lalle har gwiwar hannu ya samu abin talla, gobe za ku gan ta a Xiaohongshu ko Douyin. Na Kano kuwa Instagram da TikTok, kafin a kai amarya ɗakinta duniya ta gama ganinta, har da masu sharhi a kan hancinta. Dokar Sin ɗin nan ta 2021 ta hana amfani da hoton mutum ba da yardarsa ba, amma sau da yawa yardar tana nan a ɓoye cikin takardar da kuka sa wa hannu ba ku karanta ba. A nemo layin a soke shi. In ya ce zai rage kuɗi in an bar shi ya yi talla, wannan kuma ciniki ne, sai a tambayi mai fuskar, ba mai biyan kuɗin ba.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Duk wannan surutun na mene ne? Ɗan yayata yana da iPhone." Madalla da ɗan yayarka. Shi ma ɗan biki ne. Lokacin da za a fito da amarya yana bayan rumfa da cinyar kaza a hannu, ko batir ya mutu, ko budurwarsa ta kira. Ka bar yaro ya ci bikinsa.

Sauran tambayoyin gajeru ne, amma kada a raina su. Kamara nawa zai zo da ita, in ɗaya ta faɗi? Tana rubutu a kati biyu lokaci guda, ko in kati ɗaya ya lalace shi ke nan sai haƙuri? In ya kwanta ciwo ranar, wa zai zo? In waje za a ɗauka a Panyu, a tuna daga Afrilu zuwa Satumba damina ce mai zafi da gumi, guguwar teku ma takan leƙo, to in ruwa ya ɓata ranar, sakewa kyauta ce? Kada kuma a sa rana a bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, lokacin da gari ke watsewa kowa ya tafi ƙauyensu.

Karɓar kaya ma sai an yi wayo. WhatsApp a toshe yake a Sin tun 2017, Google ma a toshe yake. Mai hoto zai ce ya zuba muku a ma'ajiyar Baidu ko ya turo ta WeChat. WeChat yana matse hoto in ba a zaɓi na asali ba, kuma abin da aka turo yakan mutu bayan ƴan kwanaki in ba a sauke ba. Baidu kuwa, ka koma Kano ka gwada buɗe ta da layinka na gida ka ba ni labari. A zuba a filas ko faifai, a buɗe a gabanka, ka ƙirga, ka kwafa wuri biyu, sannan ka saki ciko. A kuma tambaye shi wata nawa zai ajiye nasa kwafin. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya bi bukukuwa da raye-rayen garinsu da kamara tun shekarun 1960, ya adana fim ɗin hotunansa cikin kwalaye har duniya ta zo ta same su, aka ba shi babbar lambar yabo a Venice a 2007. Naku mai hoton mai yiwuwa ya goge bikinku ranar Litinin domin ya sami wurin na Asabar.

Saura abu ɗaya, kuma na Hajiya ne. Mai hoto, Basine ne ko ɗan Fagge, bai san danginki ba. Bai san tsohuwar nan da ke zaune a lungu da carbi, wadda ba ta yi anko ba, ita ta yi wa uwar amarya wankan jego ba. Idonsa na kan masu gwaggwaro da masu liƙi. Ki rubuta sunayen waɗanda dole su fito, ki haɗa shi da yarinya ɗaya mai baki wadda ta san kowa, ta riƙa jan hannunsa tana nuna masa. In ba haka ba albam zai zo da hoton kek kala bakwai, da takalmin amarya an ɗora shi kan fulawa, babu gwaggo ko a gefe. Kuma gwaggo ba Panyu za ta je ta yi ƙorafi ba, ɗakinki za ta zo, da sassafe, ta ce a ɗauko mata albam ɗin ta gani.